Kafin a tafi Lome sayen mota



Shekaru da dama ke nan muna zaune a gefen tabarmar dattijo da alƙalami a hannu, muna rubuta abin da aka kawo gabansa. A da, ƙarar da ta fi yawa ta gado ce da ta aure. Yanzu wata ta shigo sahu, wato rigimar kuɗin mai. Wa da ƙane sun haɗa jari sun sayi mota, yau ba sa ga maciji da juna saboda an rasa wanda zai riƙa zuba mata isansi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana tun kafin wani ya sake ɗaura kuɗinsa ya nufi Lome.

A farkon 2022 litar fetur tana kan sefa 615 a nan Wagadugu. A watan Mayu na shekarar ta koma 715, daga baya 750, a Fabrairun 2023 ta kai 850, wato dala 170 a lissafinmu na kasuwa. Ƙasar nan ba ta da bakin teku. Duk ɗigon da muke ƙonawa sai SONABHY ta sayo shi, an ɗauko daga Lome ko Kwatano ko Tema ko Abijan, an sauke a ma'ajiyar Bingo, sannan ya iso gidan mai. Mai jiran ranar da farashi zai koma 615 ya nemi wurin zama mai inuwa.

Ga kuma nisa. Lokacin da muke tsohon Zango, Zangwetin, a tsakiyar gari, kasuwa da masallaci da gidan dangi duk tafiyar ƙafa ce. Da aka rushe unguwar a 2003 saboda aikin ZACA, aka warwatsa mu, wasu Waga 2000, wasu Nioko, wasu bakin gari inda kwalta ba ta kai ba. Zumuncin da ake yi da takalmi yanzu da lita ake auna shi. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, duk sai an ƙona mai.

To, mu yi lissafi irin na fatake. A ɗauka magidanci yana tafiyar kilomita 30 kullum, wato 900 a wata. Ƙaramar motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta ci lita 63, kuɗinta sefa 53,550 a kan farashin 850. Babbar jif mai shan lita 13 za ta ci lita 117, wato sefa 99,450. Tazarar da ke tsakaninsu 45,900 ce a kowane wata, ta ɗara mafi ƙarancin albashin ƙasar nan, wanda aka mayar 45,000 a 2023. Mai babbar mota yana biyan albashin ma'aikaci guda ke nan, ma'aikacin da bai taɓa gani ba.

Mun san abin da ke kai mu ga babbar mota, kuma ba ma cire kanmu daga ciki. Idon jama'a ne. Ana so idan an tsaya ƙofar gidan biki maroƙa su ɗaga murya. Amma kakanninmu da suka ratsa ƙasar Mosi zuwa Gwanja sayen goro ba su ɗora kayansu a kan ingarma ba, duk da sun san darajar doki. Jaki suka zaɓa, don sun lissafa abin da zai ɗauka da abin da zai ci a hanya. Ba mu ji an ce wannan ya rage wa wani madugu girma ba.

Akwai masu cewa ƙaramar mota ba ta iya hanyoyinmu da damina, kuma ba ta ɗaukar iyali mai yawa. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya. Wanda gidansa ke bayan kwari ya duba tsayin ƙasan mota kafin komai. Ta biyun kuwa, sau nawa a shekara iyali duka ke fita tare? Salla biyu da 'yan bukukuwa. Hayar mota a waɗannan ranaku ta fi sauƙi a kan ciyar da babban inji shekara cur yana ɗauke da mutum ɗaya.

Kada kuma a ruɗu da zaƙin bakin dillali. Motocin nan da ake kira "France au revoir" sun yi shekaru a hannun wasu, abin da kamfani ya rubuta game da shan mansu ya tsufa tare da su. A je da bakanike amintacce. A tambayi ko ana samun kayan gyaranta a garin nan. Irin su Corolla da Yaris ba sa wahalar da mai nema. Mota mai haɗin fetur da batir tana da ƙarancin sha a cunkoson gari, sai dai a tabbata da lafiyar batirin da wanda ya iya gyaransa, domin zafin Afrilu ba ya raga masa. Bayan an saya, a cika tanki, a rubuta lambar kilomita, a sake cikawa bayan mako guda, a raba. Wannan ne shaidar da ba a saya da la'ada.

Da daminar da ta wuce, naƙuda ta kama wata baiwar Allah a layinmu cikin dare. Aka buga ƙofar mai babbar motar unguwa, ya fito da makulli a hannu, cike da kunya, ya ce kwana goma ke nan tankin ba ko ɗigo. A bayan babur aka kai ta asibiti, mace ɗaya na riƙe da ita. Allah ya sauke ta lafiya. Motar tana nan ƙarƙashin bishiyar dogonyaro, an lulluɓe ta da tamfol, kuma makon jiya mai ita ya roƙe mu mu rubuta masa takardar sayarwa.