Shanyewar Ɓarin Jiki: Jinkirinmu Ne Ke Kashe Mu

  

Da wuya a sami unguwar da ba ta san wannan labari ba. Magidanci ya tashi lafiya lau, ya shiga kewaye ko ya tsuguna yin alwala, sai a ji faɗuwarsa. A zo a tarar baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari guda sun saki, harshe ya sarƙe. Nan take wani ya yanke hukunci cewa iska ce ta buge shi, wani ya ce jifa ne. Sai a kwantar da shi a ɗaki, a turara hayaƙi, a aika wa boka. Ba za a tuna da asibiti ba sai bayan kwana uku, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. A kan wannan jinkiri muke so mu yi wa kanmu nasiha a wannan wata.

Ya ku 'yan uwa, shanyewar ɓarin jiki cuta ce ta jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala. Ta kowace fuska, sashen ƙwaƙwalwar da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin 'yan mintuna, gaɓoɓin da yake sarrafawa su tsaya.

Masana sun daɗe suna bin diddigin sabubbanta. A shekarar 1948 aka fara bincike kan lafiyar zuciya a garin Framingham na Amurka da mutum 5,209, ana bibiyarsu shekara da shekaru. Daga nan aka tabbatar cewa hawan jini yana kan gaba wajen jawo cutar, kuma a 1991 suka nuna cewa wani nau'in rikicewar bugun zuciya, wanda ke sa jini ya daskare a cikinta, yana ninka haɗarin kusan sau 5. Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A 2018 aka fitar da sakamakon binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, kan mutum 2,118 da cutar ta kama. An gano cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin yana komawa ga hawan jini. Sauran sabubban sun haɗa da ciwon suga, yawan kitse a jini, tumbi, ciwon zuciya, shan taba, rashin motsa jiki, barbaɗa gishiri a kan abinci, yawan cin nama, ƙarancin cin ganye da kuma damuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan kuwa jijiya ce ta fashe musu.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan abubuwa ne da ɗan Adam ke da ikon gyarawa da izinin Allah. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa riƙo da sababi yana warware tawakkali ba. Wanda likita ya ce masa yana da hawan jini, ya sha magani wata guda ya ajiye don ya ji sauƙi, sakaci ya yi da amanar jikinsa. Hawan jini yakan yi shekaru yana ɓarna ba tare da ko ciwon kai ba, kuma maganinsa ba a barinsa sai da umarnin likita. Shi kuwa wanda ya kai ɗan uwansa wurin boka, ya haɗa asara biyu: ya taɓa aƙidarsa, ya kuma ɓata sa'o'in da za a ceci majinyacin.

Domin kuwa sa'o'in ƙidayayyu ne. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma galibi ba a yinta sai cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Ko a inda babu wannan allura, isa asibiti da wuri yana ba likitoci damar daidaita jini da suga da numfashi. Saboda haka kowa ya riƙe alamomi uku: karkacewar baki, sakin hannu ko ƙafa a ɓari guda, da sarƙewar magana. Da an ga ɗaya, a lura da lokaci, a nemi mota. A kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wani magani, domin haɗiyarsa kan lalace, abin ya zarce huhu ya zama wata cutar. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanya. Ko da alamomin sun wuce cikin 'yan mintuna, a je asibiti a ranar, gama sau da yawa gargaɗi ne kafin babbar.

Game da rigakafi, duk baligi ya riƙa auna jininsa. Idan awo yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda, kuma a sani dunƙulen ɗanɗanon da ake zuba wa miya shi ma gishiri ne. Zogale da rama da alayyafo suna nan a kasuwanninmu da araha. A bar taba, a riƙa taka ƙafa. Iyayen yara masu sikila su nemi a duba 'ya'yansu, domin cutar tana kama su tun suna ƙanana.

Wanda kuma Allah ya jarraba da ita, jinyarsa ba ta ƙare da sallama daga asibiti ba. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne cikin wata uku zuwa shida na farko, idan an dage da zuwa sashen gashi da motsa gaɓoɓi a gida. A riƙa juya shi a kan shimfiɗa don gudun gyambo, a yi haƙuri da maganarsa, a ci gaba da ba shi magani domin cutar tana iya dawowa. Abin takaici ne a ga mutumin da ya shekara talatin a sahun farko an bar shi a ƙuryar ɗaki, zuciyarsa ta karye, babu mai leƙa shi. Shari'a ta sauƙaƙa masa ya yi salla a zaune ko a kwance. Mu kuma haƙƙinsa ne a kanmu mu gaishe shi, mu tallafa wa iyalinsa.

A ƙarshe muna kira ga limamai su keɓe huɗuba kan wannan batu. Muna kira ga kwamitocin masallatai da 'yan agaji su tanadi na'urar awon jini, su gayyaci ma'aikatan lafiya na unguwa su auna jama'a bayan sallar Juma'a, a kuma shirya wa mata nasu a makarantun Islamiyya. Kuɗin na'urar bai kai abin da jinyar mako guda ke ci ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.