DANDALIN MAKAƊA: Gangar lantarki ta farko, ina ya kamata kuɗin mai koyo su tafi?

TAMBAYAR da ta fi yawa a saƙonnin da matasa ke aiko wa wannan fili a 'yan watannin nan ita ce ta gangar lantarki. Yaro ya je biki, ko ya kalli bidiyo a waya, ya ga wani ya zauna a tsakiyar wasu baƙaƙen fayafayai, sanduna biyu a hannu, ƙafafu na ta aiki, sauti na tashi kamar an tara makaɗa biyar. Shi ke nan, sai abin ya shiga rai. Wani ya shekara ya na zubin adashi da kuɗin ɗinki, wani da na tuƙin a-daidaita-sahu, wata kuma da na kitso ko lalle, duk burin su su mallaki tasu, su koyi kiɗa, ko Allah zai sa wata rana a ji bugun su a waƙar fim. To, kuɗin da aka tara da gumi ai bai kamata a shiga kasuwa da su da ka ba.

Da farko dai, ya kamata mai sha'awa ya san inda kiɗan finafinan Hausa ke fitowa. Tun zamanin 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Mohammed, fiyano ne uban tafiya a sutudiyo, musamman samfurin PSR na Yamaha. Gangar da ake ji a waƙa, da sarewa, da tafi, duk yatsun mai fiyano ne ke fitar da su. Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, aka riƙa jera bugu a kan allo. Saboda haka wanda babban burin sa shi ne ya haɗa waƙa sukutum shi kaɗai, fiyano ya kamata ya fara saye. Gangar lantarki ta wanda ke son ya zama makaɗi ce, mai bugu da hannun sa da ƙafar sa. Kuma irin wannan makaɗin ya na da wurin zama a industiri, domin bugun ɗan'adam ya na da ɗan ja da saki wanda ke sa rai a waƙa, ga kuma bukukuwa da wasannin Sallah inda jama'a ke son ganin kiɗa ido da ido.

Yadda abin ke aiki

Babu fata ko ɗaya a jikin ta. A ƙarƙashin kowane faifai akwai wani ɗan maɓalli mai jin girgiza. Idan sanda ta sauka, sai ya aika saƙo ta waya zuwa wani ɗan akwati da ake ɗaurewa a gefe, wanda shi ne ƙwaƙwalwar gangar. A cikin akwatin aka adana sautuka, shi ke duba wane faifai aka buga da kuma ƙarfin bugun, sannan ya saki sautin da ya dace. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Simmons na Ingila ya fito da tasa mai kusurwa shida tun 1981. A 1997 kuma kamfanin Roland na Japan ya kawo V-Drums mai fuskar raga, wadda ta canza harkar baki ɗaya.

Cikakkiyar gangar mai koyo ta na da faifan da ke zama tsakanin gwiwoyi, wanda makaɗa ke kira siniya, da wasu uku a jere, da farantai uku, da feda biyu. Fedar dama ta babbar gangar ƙasa ce mai cewa dum-dum. Ta hagu kuma ita ke buɗewa da rufe farantin nan mai cas-cas da ke riƙe lokaci.

Yawan sauti tarko ne

Ga inda 'yan kasuwa ke kama yara. Mai shago zai nuna kwali ya ce, "Duba nan, ƙanena, sauti ɗari huɗu ne a ciki!" Ya danna nan a ji tabla, ya danna can a ji ƙarar jirgi. Yaro ya washe baki, ya zaro kuɗi. Alhali mai koyo zai iya shafe shekara guda cur bai wuce jerin sauti biyu ko uku ba. Sauti abu ne da za a iya ƙarowa daga baya ta kwamfuta. Abin da ba ya gyaruwa sai da sabon kuɗi shi ne wurin da hannu da ƙafa ke taɓawa. Can ya kamata kuɗin su tafi.

A fara da fuskar faifai. Iri biyu ce, roba da raga. Roba ta fi araha kuma ta na da juriya, amma ta na da ƙara, ƙwas-ƙwas ɗin ta na ratsa bango, kuma idan aka daɗe ana bugu wuyan hannu na gajiya. Raga kuwa saƙa ce da aka ɗaure kamar fatar ganga, ana iya ƙara mata tauri ko a sassauta da ɗan makulli, sanda na dawowa a kan ta kusan yadda ta ke yi a ganga ta gaske, kuma ba ta damun mutanen gida. Idan kuɗi ba su kai a samu raga a duk fayafayan ba, to lallai siniya dai ta zama ta raga, domin ita ke shan mafi yawan bugu. Ya fi kyau kuma ta kasance mai wuri biyu, wato tsakiya da sautin sa, baki da nasa.

Sai ƙafa. Gangunan da su ka fi araha su na zuwa da fedar da ba ta bugun komai, takawa kawai ake yi kamar totur ɗin mota. Ba ta da ƙara, wannan kam gaskiya ne, kuma ta na da amfani ga mai zama a gidan haya ko saman bene. Amma ƙafar da ta saba da ita za ta sha kunya ranar da aka zaunar da mai ita a kan ganga ta gaske a gaban jama'a. Wadda ta fi ita ce mai ɗan guduma da ke dukan faifai a tsaye, domin ita ke koya wa ƙafa nauyi da saiti.

Samfuran da ake yawan gani

Kamfanoni uku ne sunan su ya fi fitowa a ajin masu koyo. Alesis ya fito da Nitro Mesh a 2018, duk fayafayan ta raga ne masu faɗin inci 8, da feda mai guduma, da sauti 385. A 2023 ya biyo ta da Nitro Max, wadda siniyar ta ta kai inci 10, kuma ana iya haɗa ta da waya ta Bluetooth a riƙa bin waƙa. Ƙanwar su Turbo Mesh ta fi sauƙin kuɗi, ita ma raga ce, sai dai fedar ta ba mai guduma ba ce.

Yamaha na da jerin DTX402. Fayafayan roba ne, amma akwai darussan koyo guda 10 a cikin akwatin. DTX402K fedar takawa gare ta, DTX452K kuma mai guduma. Roland ya fito da TD-02 a 2023, mai jerin ganguna 16. TD-02K roba ce, TD-02KV kuma siniyar ta raga ce. Kayan Roland da Yamaha sun yi suna wajen ƙarko, kuma ba su cika faɗuwa warwas ba idan aka tashi sayarwa. Alesis kuma ya fi bai wa mai ƙaramin ƙarfi kaya da yawa a kuɗi kaɗan. Duk daga waje ake shigo da su, don haka farashin su na bin dala ne. Kuɗin da aboki ya faɗa bara, a sake tambaya bana.

Akwai kuma waɗanda ba su da suna, masu ƙyalli da fitilu, rabin kuɗin waɗancan. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Ranar da faifai ɗaya ya mutu, a zagaye Sabon Gari kaf, a aika har Alaba ta Legas, da wuya a samu madadin sa.

Wanda ɗakin sa ko aljihun sa bai kai ba, akwai ta kan tebur, irin Yamaha DD-75 mai fayafayai 8, da ƙananan feda biyu, da sifika a jikin ta, kuma ta na aiki da batir. Za ta koyar da hannu da kunne, amma zaman ta daban ne da na cikakkiyar ganga, a san da wannan tun kafin a saya.

Kalangu fa?

Wannan ita ce tambayar da ke biyo baya kullum, kuma amsar ba mai daɗi ba ce. Waɗannan akwatuna an cika su ne da gangunan Turawa, sai ɗan abin da ba a rasa ba na wasu ƙasashe. Kalangu da kotso da jauje ba a yi da su ba. Ko da an samu mai kama da kalangu, ba zai yi magana ba. Sirrin kalangu ai a hammata ya ke: makaɗi na matse tsarkiya ya saki, murya ta hau ta sauka, har mai sauraro ya ji kirarin da ake yi. Duk wanda ya saurari makaɗan marigayi Alhaji Mamman Shata ya san abin da ake nufi. Faifan roba ba shi da tsarkiya.

Amma akwai dabara, kuma ita ce dalilin da ya sa tilas a duba bayan akwatin a tabbatar akwai ramin USB mai ɗaukar MIDI. MIDI yare ne da kayan kiɗa ke magana da juna da shi tun 1983. Da shi za a jona ganga da kwamfuta, a ɗauki sautin kalangu na gaske a sutudiyo, murya ƙasa, murya tsakiya, murya sama, a raba wa fayafayai uku, a buga. Duk samfuran Alesis da Roland da jerin DTX402 da aka ambata su na da wannan rami. Wanda kuma bai da kwamfuta, akwai allon bugu irin Alesis SamplePad, wanda ake zuba wa sauti ta katin SD. Masu kallon finafinan Indiya sun san irin wannan allo, domin Octapad na Roland ya yi farin jini a can ƙwarai, har kamfanin ya sake fito da SPD-20 PRO a 2020. Sai dai shi kuɗin sa ba na mai koyo ba ne.

Abin da ba ya cikin kwali

Tirƙashi! Nan ne da yawa ke yin kuka. An kashe kuɗi kaf, an kawo kaya gida, an ɗaura, an buga, shiru. Gangar lantarki ba ta da murya sai an sa mata hedifon ko an jona ta da sifika, kuma yawanci babu ko ɗaya a kwalin. Kujera ma haka, wani lokacin har sanduna. Kujerar roba mai hannu ba ta yi, dole sai marar hannu wadda tsawon ta zai bar cinya ta ɗan gangara ƙasa. Sai kafet da za a shimfiɗa don kada feda ta riƙa gudu a kan siminti. Duk a ware kuɗin su tun a lissafin farko.

Sai batun wuta. Wutar Nijeriya da ta Nijar ta kai bolt 220 zuwa 230, ta Amurka kuwa 120 ce. Kayan tokumbo da su ka fito daga can, a karanta rubutun da ke jikin adaftar su. Idan an rubuta 100 zuwa 240, lafiya lau. Idan 120 kaɗai aka rubuta aka kuma cusa a soket, sai dai a ji ƙauri. Kada a ari adaftar wani abu don kawai bakin ta ya shiga, sai lambobin sun yi daidai. Akwatin ba ya cin wuta sosai, ƙaramar sola ko inbata ta ishe shi, kuma ta fi masa lafiya a kan wutar Nepa mai hawa da sauka ko ƙaramin janareta. A riƙa lulluɓe kayan da zane, musamman lokacin hunturu, domin ƙura ce babbar abokiyar gabar ramukan waya. Kada kuma a bar su a rana.

Idan ta hannu za a saya

Ba laifi ba ne, sau da yawa ma tsohuwar Roland ko Yamaha mai lafiya ta fi sabuwa marar suna. Sharaɗin kawai shi ne kada a yi sayen kifi a ruwa. A je da wanda ya iya bugu, a sa mai kaya ya ɗaura ta, a kunna. A bugi kowane faifai a hankali, sannan da ƙarfi, a ji ko sautin na bin hannu. A lura ko bugu ɗaya na fitar da sauti biyu, ko kuma an bugi wannan wancan ya amsa. A taka fedar hagu a ji buɗewa da rufewa. A duba maƙallan roba da ke riƙe ƙarafa ko sun tsage. A girgiza wayar hedifon a ramin ta a ji ko sauti na yankewa. Uwa-uba a duba damin wayoyin nan da ke haɗuwa a kai ɗaya mai faɗi su shiga akwati, domin idan guda ta tsinke a ciki, neman wani damin aiki ne ja. Mai kayan da ya ce, "Haba Alhaji, ai ba sai an gwada ba, ka yarda da ni," to a yi masa sallama cikin mutunci.

Bayan an saya, akwai wani maɓalli a akwatin da ke ƙirga lokaci, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Yara ba su son sa, amma shi ne malamin farko. Minti 20 kullum tare da shi, a hankali, ya fi awa biyar na hauka ranar Lahadi. Mai sutudiyo ba zai tambayi sunan gangar da yaro ke da ita a gida ba, zai saki waƙa ne ya ce a bi, kuma a cikin minti guda zai gane ko bugun na zaune a kan lokaci.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai, filin zai duba yadda ake jona gangar da kwamfuta da kuma yadda ake ɗaukar sautin kalangu a ƙaramin ɗaki. Masu tambaya su ci gaba da aikowa.