Sun ƙona mana rumbu, sun dawo da rancen hatsi

A farkon watan Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasar da ya yi fiye da shekara ɗari da hamsin yana tsaye. A daminar nan mutum sama da 300 suka rasu a Nijar, ambaliya ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi ji a jiki. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, don iyalai ne kwance cikin azuzuwa.

Bayan wata biyu manyan duniya suka hallara a Baku don taron sauyin yanayi karo na 29. Ƙasashe masu tasowa suka nemi dala miliyar 1,300 a shekara. Aka ce musu ga 300, su ma sai nan da 2035. Aka tafa, aka watse.

Jama'a, wa ya cika sama da hayaƙin nan? Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya ba. Manomin Gidan Rumji da ke noma da hauya, ko makiyayin Abalak, me ya ƙona? Masana'antun Ingila, Jamus da Amurka ne suka shafe ƙarni biyu suna cin kwal da mai, yau Sin ta karɓi gaba. Su suka ci, mu ke biyan kuɗin tuwo.

Kuma ba yau aka fara yi mana romon baka ba. A Kofanhagen, a 2009, aka yi alkawarin dala miliyar 100 kowace shekara kafin 2020. Ƙungiyar OCDE, wadda ta masu arzikin ce da kansu, ta ce sai a 2022 aka cika. Abin da ya fi cin rai shi ne mafi yawan kuɗin da gwamnatocinsu suka fitar rance ne. Mutum ya ƙona maka rumbu, ya dawo da buhun hatsi ya ce ka biya da ruwa idan kaka ta yi, sannan yana jiran ka yi masa godiya! Asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022, da aka buɗe shi a Dubai a 2023, alkawarin da ya samu a wurin bai kai dala miliyar ɗaya ba. A raba wannan tsakanin Pakistan, Bangaladash, Cadi da mu, a ga abin da zai iso Tibiri.

Alhali mu mun yi namu aikin, ba da kuɗin kowa ba. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: ka bar tsiron da ke fitowa daga kututture, ka zaɓi rassa masu ƙarfi, ka datse sauran. Da wuƙa da haƙuri aka rayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Duk wanda ya bi ta Matamaye ko Magarya ya ga gawo jere cikin gonaki, yana zubar da ganye da damina yana barin gero ya sha rana. Wane taro ne ya taɓa haifar da ko rabin wannan?

Na san wani zai ce laifinmu ma yana nan. Gaskiya ne. Mu muke toshe magudanai da leda, mu muke gini a kan hanyar ruwa, hukumomin gari suna sa hannu a takardar fili a cikin kwari. Wannan namu ne, mu gyara. Amma leda ba ta sa ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya, kuma ba ita ta sa zafin bazara yake kwantar da tsofaffi ba.

Wakilanmu da ke zuwa tarukan nan su ne nake so in yi wa magana. Ku daina komowa da hotuna da kuɗin guzuri. Ku je da lissafi: gida nawa ya rushe, gona nawa yashi ya binne, dabba nawa ta tafi. Duk takardar da aka rubuta rance a kanta, ku ƙi sa hannu. In an samu wani abu ya iso, a buga a jarida da Hausa da Zabarmanci nawa ne, kuma wane ƙauye ya karɓa.