FILIN DIREBOBI: Wane Makulli Za A Sa Wa Gaban A-Kori-Kura?

Damina ta kankama a Adamawa, kuma duk mai ɗauko masara ko rogo daga ƙauyukan Banyo, Tibati da Tignère ya san halin da ake shiga: jar ƙasa ta yi santsi kamar sabulu, kaya na bisa mota, ranar kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. A irin wannan lokaci ne 'yan'uwa masu a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wato kat-kat, suke tare mu a tasha da tambaya, wai wane irin makulli ya kamata su sa wa difaranshal na gaba, abin nan da makanikanmu ke kira blocage da Faransanci.

Bari mu fara da asalin matsalar. In mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki tafiya, kuma aikin difaranshal shi ne ya bar kowacce ta juya gwargwadon tafiyarta. To amma ƙarfin da yake ba tayu biyun daidai wa daida ne. Saboda haka da zarar ɗaya ta faɗa caɓi ko ta tashi sama, sai ta yi ta juyawa a banza, ita kuwa wadda ke kan tsandauri ba za ta sami ƙarfin da ya wuce na 'yar'uwarta ba. Shi ya sa za ka ga kat-kat ta kafe, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta watsa laka. Makulli yana haɗe tayu biyun ne su juya tare, ko ana so ko ba a so.

Kafin a yi zancen gaba, muna tambayar mai mota: ka sa na baya? In bai sa ba, to can ya kamata kuɗinsa su fara zuwa, domin nauyin kaya a baya yake, kuma ƙarafan baya sun fi juriya. Kamfanin Toyota ma haka ya tsara a Land Cruiser 80 da ya fito a 1990: a waɗanda suka zo da makullai biyu, sai ka murɗa makunni ka kulle baya tukuna kafin gaba ya yarda ya kullu.

Dalili kuwa shi ne tayun gaba su ne na sitiyari. In aka kulle su, mota ba ta son kwana, kai tsaye take son tafiya, kuma a gefen tudu mai santsi tana iya zamewa gaba ɗaya ta gangara. Ban da haka, a ƙarshen kowace sandar taya ta gaba akwai gaɓar da ke lanƙwasawa in an murɗa sitiyari, nan ne raunin yake. A kulle gaba, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a taka totur, sai ka ji ƙas! Masu Hilux na bayan 1997, lokacin da aka daina yi mata miƙaƙƙen aksil a gaba, su suka fi kowa bukatar kiyayewa. Tsohuwar Hilux da Land Cruiser 79 sun fi jurewa, amma su ma suna karyewa.

A nan ne muke roƙon jama'a su guji walda. Mun san akwai makanikan da za su ce a kawo su narke haƙoran ciki su zama ɗaya, kuɗi kaɗan, an gama. Mun taɓa bin wata mota da aka yi wa haka. Ta fid da mu daga kwari biyu muna ta yaba mata, a kwana na uku sandar hagu ta karye, muka kwana biyu a daji muna jiran yaron mota ya je gari ya dawo, tumatir ɗin wata baiwar Allah ya ruɓe a kwando. Arahar ke nan.

Akwai kuma makulli mai kulle kansa, irin su Detroit Locker da Lock-Right, wanda ke kamawa da zarar inji ya ja, ya saki taya ɗaya a kwana. Ba waya, ba makunni, kuma Lock-Right ba shi da tsada sosai. A baya ba mu ƙi shi ba. A gaba kuwa, in motarka tana da habobin da ake murɗawa da hannu, ba ya damun ka a kan kwalta muddin habobin na buɗe. Amma da ka shiga ja da ƙafa huɗu, shi ke da iko, ba kai ba, alhali da damina muna yin kilomita da yawa a haka cikin santsi da lodi. Motar da kullum take ja da ƙafa huɗu, kamar Prado, kada ma a kusanto mata da shi.

Abin da muke ba da shawara shi ne makullin da direba ke kunnawa da kashewa da kansa. In a kashe yake, mota tana nan yadda kamfani ya yi ta. Iri biyu aka fi sani. Na iska, wanda kamfanin ARB na Ostireliya ya yi suna da shi, yana aiki da ɗan kwamfiresa da siririn tiyo, yana kamawa nan take, kuma in ka sayi kwamfiresa mai ɗan girma za ka riƙa ba tayu iska da shi, wanda ba ƙaramin amfani ba ne ga mai shiga daji. Aibinsa yoyon iska: tiyo ya goge, ko robar ciki ta mutu, shi ke nan ba ya kamawa. Na lantarki, kamar ELocker na kamfanin Eaton, maganaɗisu ne da waya da fis, kayansa ba su da yawa, kuma duk mai gyaran wayar mota zai iya bin sawun matsalarsa. Mu dai don ƙauyukanmu mun fi karkata ga na lantarki, sai fa in akwai makanikin da ya taɓa haɗa na iska a kusa da kai.

Kada a sayi kowanne da ka. A kwance sandar taya a ƙirga haƙoranta, a duba lambar mota da shekararta, domin Hilux ɗin ma gabanta ba iri ɗaya ba ne. A kai wa mai gyaran da ya iya daidaita haƙoran difaranshal, in ba haka ba kuka zai fara, ba da jimawa ba ya cinye kansa.

In an haɗa, a gwada shi tun a gareji: a ɗaga gaba, a kulle habobi, a kunna, a juya taya ɗaya da hannu a ga ɗayar ta bi ta, sannan a kashe a ga ta saki. A hanya kuma a kunna shi kafin a shiga caɓin, mota na tsaye ko tana tafiyar ƙafa, sitiyari a miƙe, ba lokacin da taya ke tsakiyar juyawa ba. Da an fita a kashe, kafin a kai kwana na gaba.