Mawaƙi da Gidan Rediyo: Wa Ke Bin Wani Bashi?



Maudu'inmu na yau tambaya ce da ta daɗe tana haɗa mawaƙa da masu gidajen rediyo faɗa a Nijeriya: idan tasha ta sa waƙar mutum, shin wajibi ne ta biya shi? Ba za mu ɓoye matsayarmu ba, mu a wurinmu wajibi ne. Sai dai masu cewa a'a suna da hujjojinsu, kuma adalci ne mu saurare su kafin mu yanke.

Mu fara da yadda rediyo ke samun kuɗi. Jarin tasha shi ne masu sauraro. Tana tara su, sai ta je wa mai kamfanin sabulu, ko mai maganin gargajiya, ko ɗan takara, ta ce ga jama'a na tara maka, biya ka yi musu magana. To me ke tara jama'ar? Labarai da shirye-shiryen siyasa suna da nasu rabon, amma kowa ya san yawan sa'o'in da waƙa ke cikewa a rana. Tun zamanin da ake sayen katin zaɓe, a jera sunayen dangi da abokai a aika gidan rediyo, a kan waƙa ake ɗora gaisuwar. Yau tasha tana biyan mai dizal, tana biyan mai gadi, tana biyan hukumar NBC kuɗin lasisi. Mutum ɗaya ne ake cewa ya haƙura da jin sunansa a iska: wanda ya yi waƙar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Wannan kuma ba batun tausayi ba ne kawai, doka ta yi magana. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka kafa tun 1988. A ƙarƙashinta, watsa waƙar mutum a rediyo yana cikin abubuwan da sai da izinin mai ita, kuma wanda ya rera waƙar da aka fitar don kasuwa yana da rabo idan aka watsa ta. Haƙƙin kuma ba ya mutuwa da mai shi, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ku yi lissafi da kanku. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da masu su har zuwa 2069. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai 2085. Duk ranar da aka sa muryar ɗayansu tsakanin talla da talla, akwai magada da maganar ta shafa.

An taɓa gwada ƙarfi a kan wannan batu. A ƙarshen 2013, da rigimar farashi ta yi zafi tsakanin ƙungiyar COSON mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu da ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da talabijin, BON da IBAN, sai masu tashoshin suka ba da sanarwar daina sa waƙoƙin wasu 'yan COSON. Ba a je ko'ina ba aka koma teburi, a watan Mayu na 2014 aka sa hannu a yarjejeniyar biya. Abin lura shi ne, a ƙarshe jayayyar ta tsaya a kan nawa za a biya da yadda za a biya. Asalin biyan kuwa an amince da shi.

Yanzu mu zo ga hujjojin ɗaya ɓangaren. Ta farko, kuma wadda aka fi ji, ita ce: "Ai talla muke yi wa mawaƙi kyauta. Ba don mu ba wa zai san shi?" Akwai gaskiya a ciki. Rediyon Kaduna, da ya fara aiki a 1962, shi ya kai muryoyin su Shata da Ɗankwairo da Ɗan Anace garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Amma a da, tallar tana da inda take kai mutum: ya ji waƙa a rediyo, ya je kasuwa ya sayi faifai ko kaset. Yau wa ke sayen kaset? Wanda ya ji waƙa ta burge shi, wurin masu tura waƙa a waya zai je, a loda masa ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ko abokinsa ya tura masa a WhatsApp. Tallar hajar da ba a sayarwa, wa ta amfana? Ballantana wanda ya rasu, wace talla ake yi masa? Ba zai je biki ba, ba zai hau dandamali ba. Tasha ce kaɗai ke cin moriyar muryarsa.

Hujja ta biyu ita ce ta misali da waje. Za ka ji an ce ko a Amurka gidajen rediyo ba sa biyan mawaƙa. Rabin magana ce. A can, tashoshin AM da FM suna biyan wanda ya tsara waƙa ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, wanda ya rera ta ne ba sa biya, kuma an shafe shekaru ana kai ƙudurin gyara wannan gaban majalisarsu. A Ingila kuwa duka biyun ake biya, mai tsarawa ta hannun PRS, mai rerawa da kamfanin faifai ta hannun PPL. To a ƙasar Hausa, galibi wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ne mai rera ta. Ke nan ko da ma'aunin Amurkan aka ɗauko, mawaƙinmu yana da kuɗi a hannun tasha.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi: tashoshinmu ba su da shi. Tun da aka buɗe ƙofar kafa tashoshi masu zaman kansu a 1992, gidajen rediyo sun yawaita, amma kasuwar talla a Arewa ba ta faɗaɗa daidai da yawansu ba. Ga tsadar dizal, ga rashin wuta, ga ma'aikatan da ke bin albashi. Mun yarda da wannan. Shi ya sa ba mu goyon bayan a yanka wa ƙaramar tasha a Gusau ko Azare kuɗi daidai da babbar tasha a Legas. A ɗauki wani ƙaramin kaso daga abin da tasha ta samu na talla: mai samun da yawa ya biya da yawa, mai samun kaɗan ya biya kaɗan. Talauci dalili ne na neman sassauci, amma ba ya goge bashi.

Akwai ta huɗu, wadda laifinta ba na rediyo ba ne: wa za a ba kuɗin? COSON ta samu amincewar Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa a 2010, MCSN ta samu tata a 2017, a 2018 kuma hukumar ta dakatar da lasisin COSON, aka yi ta shari'a. Mai tasha yana da ikon tambaya: idan na biya, ina tabbacin kuɗin zai isa ga mai waƙar? Ƙungiyoyin nan duk a Legas suke da mazauni. Tsohon makaɗin kalangu a ƙauye, ko matar da ta gaji kiɗan ƙwarya, ko sha'iri mai bege, da wuya su san akwai takardar da ake cikewa. Idan aka karɓi kuɗi a Kano aka raba wa taurarin Legas, an sauya wa zaluncin riga ne kawai.

Abin da ya fi damunmu a duk wannan shi ne irin waƙar da rashin biyan ke haifarwa. A al'adarmu, mawaƙi da kyauta yake rayuwa. Sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya ba da mota ko kujerar Makka, a wurin biki a yi liƙi. Al'ada ce mai kyau, amma tana da sharaɗi: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kyauta shi ke zaɓen abin da za a waƙe. A yau babban mai kyautar shi ne ɗan siyasa. Shi ya sa da kakar zaɓe ta kama za ku ga haziƙan matasanmu sun koma yabon wannan da zagin wancan. Muna yi musu faɗa, muna cewa ina waƙar tarbiyya, ina waƙar noma, ina waƙar da za ta faɗa wa mai mulki gaskiya? Amma mun taɓa tambayar wa zai biya kuɗin situdiyo idan aka yi irin wannan waƙa? Kuɗin haƙƙi, ko da kaɗan ne, shi ne kuɗin da mawaƙi zai samu ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Jama'a suka so waƙarsa, tasha ta sa, rabonsa ya zo. Kuma shi ne zai rage mana ganin shelar neman taimako duk lokacin da wani tsohon mai fasaha ya kwanta jinya, alhali muryarsa na tashi a rediyo safe da yamma.

To me za a yi? Na farko, kowace tasha ta riƙa rubuta waƙoƙin da ta sa, da sunan mai waƙa da lokaci. Tashar da ke iya lissafa wa mai talla sau nawa aka sa tallarsa, ba za ta kasa lissafa waƙa ba. Na biyu, gidajen rediyon gwamnatin tarayya da na jihohi su fara, a sa kuɗin cikin kasafinsu, tunda su ne ke riƙe da mafi yawan tsofaffin faya-fayan mawaƙanmu. Na uku, duk ƙungiyar da ke son karɓar kuɗi a Arewa ta buɗe ofis a Arewa, ta yi bayani da Hausa, ta kuma riƙa bayyana abin da ta karɓa da wanda ta ba. Na huɗu, mawaƙa su ma su tashi: su yi rajista, su rubuta yarjejeniya tsakaninsu da mai kiɗa da 'yan amshi tun kafin waƙa ta fita, don kada ranar da kuɗi ya zo ya zama ranar rabuwa. Su kuma daina kai wa mai gabatarwa na goro don a sa waƙarsu, domin wanda ya biya a sa masa waƙa yau, da wane baki zai nemi a biya shi gobe?

Mu masu sauraro kuma, idan mun bugo waya muna neman a sa mana waƙa, ba laifi mu tambayi tashar ko mai waƙar na samun wani abu. Tambayar da aka yawaita yi, wata rana sai an amsa ta.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman 'yan uwa ma'aikatan rediyo da mawaƙan da ke cikinmu. A yi muhawara cikin mutunci. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba kowa haƙƙinsa.