Sauya Sheƙa: Da Ƙuri'ar Wa Ake Tafiya?

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, ku yi min haƙuri, akwai maganar da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya na bi ta Babban Dodo zan shiga kasuwar birni, sai idona ya faɗa kan wani shago da na sani tun da daɗewa. Ruwan damina ya ɓare fentin bangon, sai ga tsintsiya a sama, ƙarƙashinta lema, a gefe kuma ga ragowar kwandon kayan marmari. Shago ɗaya, mai shi ɗaya, ubangidansa na siyasa ma ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai kamar wata zautacciya, amma kafin in kai gida dariyar ta koma takaici.

Mu a nan Zazzau ba sai an ba mu labarin sauya sheƙa ba. A 2015 mun yi layi cikin rana, mata da goyo a baya, muka dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa, wato sak. A wannan guguwa ta Buhari ce Sanata Suleiman Hunkuyi ya kayar da tsohon gwamna Ahmed Makarfi, ya zama sanatan shiyyarmu ta Kaduna ta Arewa. Ba a je ko'ina ba sai ga shi sun saka ƙafar wando ɗaya da Gwamna Nasiru El-Rufa'i. A watan Fabrairun 2018 gwamnatin jiha ta rushe gidansa da ke titin Sambo a Kaduna, inda ɓangarensa na jam'iyya ya buɗe ofis. Gwamnati ta ce an saɓa ƙa'idar filaye, mutanensa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne. Wata guda bayan haka shi da sauran sanatocin Kaduna biyu suka ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da jihar ke nema daga Bankin Duniya. A watan Yuli ya tattara ya koma PDP.

Tsakani da Allah ban ga laifin fitarsa ba. Ni da nake rubuta labarin zaman aure na san akwai gidan da in mace ba ta yi yaji ba sai dai a fito da gawarta. A siyasarmu jam'iyya a hannun gwamna take, shi ke da shugabanni, shi ke da daliget. Duk wanda ya ɓata da shi ya san ko kusa da takara ba zai je ba. To a nan ne ma maganar take. Da wuya ka ji ɗan siyasa ya ce ya fita saboda asibitin Gambo Sawaba babu magani, ko don famfunan cikin birni sun ƙafe. Kullum fitar tana zuwa ne dab da zaɓen fid da gwani, kuma kullum kalmar bakinsu ɗaya ce, wai “jama'ata ne suka buƙaci haka”. Ni dai ina cikin jama'ar, kuma ba wanda ya yi sallama a zaurenmu ya tambaye ni.

Me ya biyo baya? A PDP ya nemi takarar gwamna, Isa Ashiru ya kayar da shi, mutumin ƙaramar hukumarsu ɗaya, Kudan, wanda shi ma daga APC ɗin ya dawo. Ya koma neman kujerarsa ta sanata a zaɓen 2019, Suleiman Abdu Kwari na APC ya karɓe ta. Ashe ƙuri'un 2015 aro ne. Ya ɗauka nasa ne, da ya tashi tafiya sai suka tsaya inda suke.

Amma kada mai karatu ya ce sauya sheƙa ba ta da tasiri, domin abin da ya faru a 2023 shi ne ya fi tsaya mani a rai. A wannan karon Hunkuyi takarar gwamna ya yi a NNPP, ya samu ƙuri'a dubu 21 da 'yan kai. Kaɗan ce, ko na uku bai zo ba. To amma tazarar da Uba Sani ya ba Isa Ashiru ba ta kai dubu 11 ba. Ban ce duk wanda ya zaɓi kayan marmari da lema zai zaɓa ba, Allah kaɗai ya san zuciyar mai zaɓe. Sai dai ku yi lissafin da kanku. Mai sauya sheƙa ko bai ci ba yana iya hana wani ci, kuma manyan sun san da haka, shi ya sa ake bin su har gida ana biko.

An kuwa yi bikon. A farkon 2025 ya yi kome zuwa APC, shi da Sanata Shehu Sani. A watan Maris na shekarar kuma El-Rufa'in da suka gudu dominsa ya fice zuwa SDP. Wallahi da a littafina na rubuta haka, da kun ce na cika ƙarya.

Wanda nake tausayi shi ne na ƙasa. Na san 'yan'uwa biyu a unguwarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka shekara ba sa ga-maciji saboda rigimar 2018, har ɗaya ya ƙi zuwa sunan ɗan ɗayan. Iyayen gidan nasu kuwa tuni sun haɗu a dandali guda suna tafawa.

Abin da nake so bai da yawa. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kai shi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta dare gida biyu. Wannan “sai fa” ɗin ita ce ƙofar da kowa ke bi, domin ba a rasa wanda zai ɗaga allo ya ce shi ne shugaban wani ɓangare. A toshe ta. Duk mai son tafiya ya tafi, ba a ɗaure kowa ba, amma ya ajiye mana kujerarmu, ya dawo Ƙofar Doka da sabuwar tutarsa ya sake roƙonmu. In mun yarda mu bi shi, in ba mu yarda ba ya tafi shi da mai fentinsa.