Littafin da Muka Karanta a Aikin Dare

Mu uku ne muke karatun, duk ma'aikatan jinya a ɗakin maza. Dokarmu ɗaya ce: babi uku a mako, kuma ba wadda za ta leƙa gaba. Kwafi ɗaya gare mu, yana kwana a durowar teburinmu, bangonsa har ya sha shayi. In an gama raba maganin ƙarfe goma, marasa lafiya sun samu barci, sai mu taɓa hira a kansa.

Na watan nan shi ne Never Let Me Go na Kazuo Ishiguro, haifaffen Japan da ya tashi a Ingila, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2017. Littafin ya fito a 2005. Ana lissafa shi cikin ƙagaggun labaran kimiyya, amma babu kumbo a ciki, babu mutum-mutumi. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai.

Kathy da Ruth da Tommy sun tashi a wata makarantar kwana mai suna Hailsham. Ba su da iyaye. A ɗakin gwaji aka samar da su daga ƙwayoyin halittar wasu mutane, don in sun girma a riƙa cire sassan jikinsu ana dasa wa marasa lafiya. Kafin layi ya zo kan mutum, sai ya yi jinyar 'yan'uwansa da aka fara yi wa aiki. Kathy, mai ba da labarin, shekararta 31, ta haura shekara 11 tana wannan jinya. Kusan sa'ata ce, kuma kusan aikina take yi.

Ni abin da ya tsaya min a rai harshensu ne. A wurinsu ba a cewa mutum ya mutu, sai a ce ya kammala. Na ji kunya, domin mu ma mun iya irin wannan lulluɓi a gaban dangin majinyaci.

Ƙaramar cikinmu kuwa haushi ta ji. "Anti, me ya hana su gudu? Ga mota a hannunsu, ba mai gadinsu!" Gaskiyarta. Iyakar abin da Kathy da Tommy suka nema shi ne a ɗaga musu ƙafa na 'yan shekaru saboda suna son juna, shi ma ba su samu ba.

Babbarmu ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ba mu labarin wani saurayi da aka taɓa kawowa gwaji, a wani asibiti da ta yi aiki, zai ba yayansa ƙoda. Dangi sun cika baranda suna sa masa albarka. Da suka keɓe tana ɗibar jininsa ta ce, "Ɗana, kai kana so?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ai an riga an gama magana." Ta dube mu ta ce shi ma ba wanda ya ɗaure shi.

Da ni kaɗai na karanta, da ban kai nan ba. Kada a yi min mummunar fahimta: lafiyayyen mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, kuma ba da ita ga ɗan'uwa babban alheri ne. Amma ƙa'idar aiki ita ce a tambayi mai bayarwa shi kaɗai, ba a gaban dangi ba, kuma yana da ikon fasawa har ranar tiyata. Iyaye da yayye, in irin wannan ta taso a gidanku, ku bar masa wannan ƙofa a buɗe.

Littafin yana da nauyin ƙafa, musamman tsakiyarsa, don Kathy ta cika kewaye-kewaye kafin ta faɗi abu. Sau biyu na yi gyangyaɗi a kansa, ko da yake ƙarfe uku na dare ne.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, Binti za mu ɗauka, na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2015. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙabilar Himba da ta bar gida a ɓoye zuwa jami'a a wata duniyar. Ƙarami ne, mako biyu ya isa. Mai so ya nemi nasa mu tafi tare.